Ambulan a jikin ƙofa, da duwatsun Little Bighorn

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ga labarin tafiyar da muka yi da iyali jihar Montana ta Amurka a watan Yuni, don ganin filin yaƙin Little Bighorn, amma ku yi haƙuri, wani ambulan ne zai cinye rabinsa.

Mun yi hayar irin motar nan da suke kira RV, mai gado da kicin da banɗaki a cikinta, muka taso daga Denver da hantsi. Ga tsaye-tsayen yara, ga motar ba ta gudu, ba mu isa masaukin da ke kusa da garin Hardin ba sai wajen 11 na dare. Ofis a rufe, ba maigadi, ko kare babu. Gabana ya faɗi. Na riga na biya kuɗin kwana biyu ta intanet, nan take na fara lissafi irin na gida: kuɗi sun tafi, gobe a ce mini wanda ya karɓa ba ya nan. Sai uwargida ta ce, "Baban Sadik, haska ƙofar can." Ambulan ne manne da salatif, an rubuta sunana da hannu, ko harafi ɗaya ba a ɓata ba. A ciki taswirar wurin ce, an zagaye filinmu da jan biro, ga lambar buɗe ɗakin wanka, ga 'yar takarda cewa mu kwanta mu huta, ma gaisa da safe.

Na kai motar filin, na jona waya a jikin sandar wuta, na ɗaura tiyo a famfo. Wuta ta kawo, ruwa ya zo da ƙarfinsa. A ƙauye fa, a jihar da shanu suka fi mutane yawa. Na daɗe zaune a bakin gado da ambulan ɗin a hannu.

Da gari ya waye na ga abin da ya fi wannan. Wata 'yar rumfa ce da itacen hura wuta ɗauri-ɗauri, da akwatin ƙarfe mai huda a gefe, ba kowa a wurin. Ka jefa kuɗinka, ka ɗauki ɗaurinka. Da muka gaisa da tsohuwar da ke da masaukin na ce, "Mama, ba a sace miki?" Ta ce akan samu jefi-jefi, amma ba za ta zauna gadin mutum ɗari saboda mutum ɗaya ba. Wallahi maganar ta soke ni. Mu da muke jin huɗubar amana kowace Juma'a, mu ne masu ɗaure buta da sarƙa a masallaci, mu shiga sahu da takalmi a leda. Ban ce nan ba ɓarayi ba, a Denver an taɓa fasa mini gilashin mota. Amma wannan akwatin yana nan, kuma ana jefa kuɗi a ciki.

Kada ku ɗauka daɗi ne zalla. Bayan kuɗin haya, duk mil ɗin da ka ƙara kan ƙa'ida sai an caje ka, ga kuɗin wanke mota, ga mai da take sha kamar raƙumi. Banɗakinsu tsaf, amma takarda ce kawai, da ba mu zo da butarmu ba da mun sha wuya. A kanti duk inda ka juya naman alade ne, ƙwai da kifin gwangwani da dambun naman da uwargida ta yo suka riƙe mu. Tankin bahaya kuma kai za ka sa safar hannu ka juye shi a ramin da aka tanada, ba yaron da za ka ba wani abu ya yi maka. Rana ba ta faɗuwa sai wajen 9, isha ta kai ka kusan 11, kafin 4 asuba ta yi. Abin da ya fi ci mini rai maƙwabta ne. Mutum ya ɗaga maka hannu daga nesa, ya shige motarsa ya ja labule. A Gombe baƙo ya sauka da mata da yara, ai kafin ya sauke kaya kwanon tuwo ya iso.

A filin yaƙin Little Bighorn ba a kwana, da rana ake shiga. Yana cikin ƙasar ƙabilar Crow, tuddai ne da ciyawa har iya ganinka, kamar jejinmu da damina. A nan, ranakun 25 da 26 ga Yuni 1876, ƙabilun 'yan asalin ƙasar, wato Lakota da Cheyenne da Arapaho, mutanen shugabanninsu Sitting Bull da Crazy Horse, suka murƙushe dakarun dokin sojan Amurka na Laftanar Kanal George Custer. Asalin rigimar zinariyar da aka gano a duwatsun Black Hills ce, gwamnati ta so ƙwace ƙasar. Cikin mutum kusan 210 da ke tare da Custer ko ɗaya bai tsira ba. Nasarar ba ta ɗore ba, a 1877 Crazy Horse ya miƙa wuya, Sitting Bull ya ƙetare Kanada.

Duk inda soja ya faɗi an kafa farin dutse. Daga 1999 aka fara kafa jajayen duwatsu inda mayaƙan ƙabilun suka faɗi, da sunayensu. Shi kansa wurin sunan Custer yake ɗauke da shi, sai a 1991 aka cire. Sun makara, shekara sama da ɗari, amma sun yi.

Ina tsaye gaban wani jan dutse Sadik ya ce, "Baba, mu ba mu da irin wannan?" Muna da shi. Burmi, kusa da Bajoga, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada da ɗaruruwan mutanensa ranar 27 ga Yuli 1903, inda Manjo Marsh na Turawa ma ya mutu. A jiharmu take, kuma ni ɗan Gombe ban taɓa taka ta ba, ban kuma taɓa jin wani a unguwarmu ya ce zai kwashi yara su je su gani ba. Biki a Abuja kuwa, a cika mota biyu. Na tuƙa mota yini guda don in ga inda kakannin wasu suka faɗi, na kasa amsa wa ɗana sai da murya ƙasa-ƙasa.

In Allah ya kai mu Disamba muna tafe gida. Yaya, ka nemo mana mota mai ƙwari da wanda ya san hanyar Burmi, ka kuma shirya yaranka, tare za mu je.