Batir mai ruwa ko AGM ga tsohuwar motar da ta daɗe a ajiye

Ɗan'uwa, ka ce ka samu mota ƙirar shekarun 1960 wadda ta kai shekara goma ba a tayar da ita ba, kana so ka san ko batir mai ruwa za ka saya ko AGM (wanda yake rufe ruf, ba a ƙara masa ruwa), da kuma abin da ya kamata ka yi kafin ka murɗa makulli. To, kafin a kai ga zaɓi, buɗe bonet ka duba abubuwa uku, domin su ne za su yanke maka hukunci.

Na farko, volt 6 ce ko volt 12? Motocin Amurka galibi sun koma 12 a wajen 1955 zuwa 1956, amma Volkswagen Beetle ta ci gaba da 6 har sai ƙirar 1967. MGB ta Ingila kuwa tsarinta 12 ne, amma batir biyu masu volt 6 aka haɗa mata a jere, har zuwa 1974. Na biyu, wane kan batir ne aka ɗaure a jikin bodi? Motocin Ingila da yawa kafin ƙarshen shekarun 1960 kan mai alamar + suke ɗaurewa a bodi, saɓanin motocin yanzu. Kuma mai ita na baya yana iya canja tsarin, don haka bi waya da idonka, kada ka dogara da shekarar mota kawai. Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci: dinamo ne ke yi mata caji ko altaneta?

Ga dalilin da ya sa na ukun ya fi nauyi. Batir mai ruwa da AGM duk darma da asid ne a cikinsu. Bambancin shi ne, a mai ruwa asid ɗin yana kwance a sake, akwai marafai da ake buɗewa a ƙara ruwan batir. A AGM kuwa an shanye asid ɗin cikin wani irin auduga ta gilashi, an rufe batirin ruf. Idan caji ya yi yawa, mai ruwa zai tafasa ya ƙone ruwa, sai ka ƙara masa ya ci gaba da aiki. AGM in ya sha irin wannan cajin, ruwan da ya fita ya fita ke nan, ba hanyar mayar da shi, sai batirin ya bushe ya mutu da wuri. Dinamo na wancan zamani da na'urar daidaita wutarsa ta ƙarfe da sifirin ba su da tsayayyen hannu, musamman bayan shekara goma a zaune. Yau ta ba da volt 13 da ɗoriya, gobe ta haura 15. Mai ruwa yana haƙuri da wannan. AGM ba ya so a wuce wajen 14.4 zuwa 14.7.

Amma AGM yana da nasa alherin, kuma ba ƙarami ba ne. Ba ya zubar da asid, ba ya cinye tiren da yake zaune a kai, yana jure girgiza, kuma in an ajiye shi wutarsa ba ta zurarewa da sauri kamar ta mai ruwa. Ga motar da ake fitar da ita jefi-jefi, wannan abin so ne. Haka nan inda batir yake cikin ɗakin mota, kamar Beetle da nata yake ƙarƙashin kujerar baya, rashin tururin asid ya fi lafiya ga bodi da masu zama. (Af, mai Beetle ya tabbata kan batir a rufe yake, domin sifirin na kujera in ya taɓa kan batir yana iya tayar da gobara.)

A ganina ga yadda abin yake: in dinamo ne da na'urar daidaita wuta ta asali, ɗauki mai ruwa, wanda ake iya buɗe marafansa. In an sa mata altaneta, ko an canja na'urar zuwa ta zamani, kuma mitar auna volt ta nuna caji yana tsaye, AGM ya fi. Na litiyam kuwa ka bar shi tukuna. Yana buƙatar caji mai tsari sosai, kuma sauƙin nauyinsa ba wani abin da zai ƙara wa irin wannan mota.

Game da ƙarfi, kada lambar CCA mai girma ta ruɗe ka. Ita tana nuna yawan wutar da batir zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Tsohon inji ba ya buƙatar wadda ta wuce kima. Abin lura shi ne girman batir ya zauna daram a mazauninsa, kawunansa su fuskanci inda wayoyi suke, kuma tsayinsa kada ya taɓa bonet. In volt 6 ce, duba kaurin wayoyi: tana jan wuta ninki biyu na mai 12, kuma sau da yawa abin da ake kira raunin batir siririyar waya ce da wani ya sa, ko tsatsa a inda aka ɗaure wayar bodi.

Sai dai ni da zan ba ka shawara, batir ne zai zama na ƙarshe a sayayyarka. In ka saye shi yau ya zauna wata huɗu kana gyaran birki, ya fara lalacewa tun bai yi aiki ba, domin batirin darma in ya sauka ƙasa da volt 12.4 ya daɗe a haka, farantansa suna kama gishirin da ba ya narkewa. Cikakke yana nuna 12.6, mai volt 6 kuma 6.3.

Fara da cire fulogai, ka ɗiga ɗan mai a kowace silinda, ka bar shi ya kwana biyu. Sannan ka sa sifana a kan fulin gaban inji ka juya da hannu. In ya juya sumul, madalla. In ya cije, tsaya nan, kada ka tilasta shi da sitata, za ka iya karya zoben fistin ko ka lanƙwasa wani abu. Juye tsohon baƙin mai, canja filta. Fetur ɗin da ya shekara goma ya zama danƙo, saboda haka a zubar da na tanki, a wanke kafireta, a canja tiyon mai na roba ko da kuwa yana da kyan gani. Duba wayoyi ko ɓeraye sun ci su, ka goge kwantak na distirbiyuta, ka duba lagireto da tiyoyinsa da fanbel.

Ranar da za ka haɗa batir, haɗa wayar bodi a ƙarshe, ka lura ko akwai tartsatsi mai ƙarfi ko warin ƙuna alhali komai a kashe yake. In dinamo ne kuma ya daɗe ba wuta, yana iya buƙatar a maido masa da maganaɗisunsa ta hanyar taɓa masa wuta na ɗan lokaci. Yadda ake yi ya bambanta daga ƙira zuwa ƙira, don haka bi littafin motar. Juya inji da sitata fulogai a cire har fitilar mai ta mutu ko allurarsa ta ɗaga, sannan ka mayar da su. Kada ka riƙe sitata fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a lokaci guda, ka bar ta ta huce. Abin kashe gobara ya kasance kusa da hannunka.

In ta tashi, ɗora mita a kan batir ka taka totur kaɗan: mai volt 12 ya kamata ta nuna tsakanin 13.8 da 14.5, mai volt 6 kuma wajen 7 zuwa 7.3. Kada ka fita titi sai an canja man birki, domin yana shan danshi, robobin birki kuma sun bushe. Tayoyi ma duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefensu, su ne mako da shekarar da aka yi su. In uku ka gani, tayar ta girmi shekarar 2000, a cire ta ko da zanenta bai ci ba.