Rabuwar aure: kotu ko teburin sulhu na lauyoyi?

A kotu, alƙali ne ke yanke hukunci, ɗaya ya fita da murna, ɗaya da ɓacin rai. Sirrin gida ya tonu a gaban jama'a, a yi ta ɗage zama wata da watanni, kuɗi na zurarewa. Amma kotu na iya tilasta wa mai taurin kai, kuma inda ake duka ko barazana, ita ce mafakar mai rauni.

Ɗaya hanyar, wani lauya a jihar Minnesota ta Amurka, Stuart Webb, ya fito da ita a 1990. Miji da mata kowa ya ɗauki lauyansa, su huɗu su sa hannu cewa za su warware maganar riƙon yara, ciyarwa da dukiya a zaune, babu ɓoye-ɓoye. Sharaɗin da ya fi burge ni shi ne, in sulhun ya rushe aka nufi kotu, dole lauyoyin biyu su janye, kowa ya nemi sabo. Ka ga ke nan lauya ba shi da riba a rura wutar rikici. Iyayen da gobe za su haɗu a bikin 'ya'yansu, wannan hanyar na fi so musu, muddin ɗaya bai danne ɗaya ba.