Na'urar gwajin suga: tana da sauri, amma da dare sai a hankali

Ranar da likita ya ɗora ni a kan insulin, allurar masu ciwon suga, ya ce in nemi na'urar gwajin suga ta gida, don allurar kan iya jefa suga ƙasa fiye da kima. Ƙarama na saya, mai shiga aljihu.

Sauri kam tana da shi. Ɗigon jini kaɗan a bakin tsinken gwaji, kafin ka goge yatsa lamba ta fito. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan zufa mai sanyi ta keto maka, hannu na karkarwa, zuciya na dukan uku-uku, ga yunwa kamar an yashe ciki. Da ta nuna ƙasa da 70 mg/dL (ma'aunin suga a cikin jini), sai in sha abin zaƙi mai saurin narkewa mai ɗauke da suga kimanin giram 15, in jira minti 15, in sake gwadawa. Cakulan ba ya wannan aiki da wuri, maiƙonsa na jinkirta shi.

Inda ta gaza mini shi ne cikin dare. Fuskarta ba ta da haske, sai na laluba fitila ido na ganin dishi-dishi. Murfin robar tsinkayen kuwa tauri gare shi, wanda ya ƙera shi bai taɓa buɗe shi da hannu mai rawa ba. Kuma sai ka wanke hannu tukuna, in ba haka ba zaƙin da ya maƙale a yatsa zai sa ta nuna maka lamba sama da gaskiya.

Zan ci gaba da amfani da ita, amma in ta lalace mai haske zan saya.