Gargaɗi ga mutanen Kebbi kan masu yanka tikitin Umara "a farashin waje"

Assalamu alaikum jama'a. Gwaggona ba ta so a ji wannan maganar, shi ya sa na daɗe ban rubuta ba. Amma jiya na ga tallar mutumin da ya damfare ta da sunan sayar mata da tikitin Umara ta sake ɓullowa a wani zauren WhatsApp na 'yan kasuwar Jega, da sabuwar lamba da sabon suna, sai na ga idan na ci gaba da yin shiru ina da alhakin duk wanda ya faɗa hannunsa.

Shekara uku gwaggona tana zubin adashi don ta yi Umarar azumi. Wata abokiyar kasuwancinta ce ta haɗa ta da shi. Ya ce mata farashin da kamfanonin jiragen sama ke sa wa 'yan Najeriya daban, wanda suke sa wa mutanen waje daban, shi kuma yana shiga shafukansu na ƙasashen waje ya saya da katin dala na wani ɗan uwansa, tunda katin Naira ba ya wucewa. Ragin da ya yi musu ya kusa naira 300,000 a kan kowane mutum, su uku ne kuwa.

Maganarsa tana shiga kunne ne saboda akwai ƙwayar gaskiya a cikinta. A 2022 da 2023 kuɗin kamfanonin jiragen waje ya maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, har ya haura dala miliyan 800, sai da yawansu suka rufe kujerun arha ga masu saye daga nan. A lokacin ne Emirates ya daina zuwa gaba ɗaya, bai dawo ba sai Oktoban 2024. Bankuna ma sun rage abin da katin Naira zai iya kashewa a waje har zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe. Duk wanda ya yi tafiya a shekarun nan ya san wanda ya saya daga waje ya fi samun sauƙi. A bayan wannan gaskiyar ɓarawon yake fakewa.

Ga inda ya kama mu. Bai nemi ko kwabo ba da farko. Ya ce, "Hajiya, kada ki biya sai kin gani da idonki." Ya turo takarda mai tambarin kamfanin jirgi, da sunanta, da ranar tashi, da wata lamba mai haruffa shida. Ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, duba mini, ku ne kuka san waya." Na shiga shafin kamfanin na gaskiya, na sa lambar da sunanta, komai ya fito daidai. Ni na ce ta tura kuɗin, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Sun kama hanya tun daga Birnin Kebbi har Kano, da azumi a bakinsu. A filin jirgin Malam Aminu Kano ma'aikaciyar ta duba kwamfuta ta ce, "Hajiya, wannan ajiyar kujera ce kawai, ba a biya ba, ta ma daɗe da sokewa." Wayarsa a kashe. A tashar mota suka kwana.

Abin da na gane daga baya shi ne, lambar nan mai haruffa shida shaidar riƙe kujera ce kurum. Mai harkar tikiti yana iya riƙe kujera na kwana ɗaya ko 'yan kwanaki ba tare da ya biya ba, a tsakanin nan sunanka zai fito a shafin kamfani tamkar ka saya, wa'adi na cika ta goge. Tikitin da aka biya yana da tasa lambar mai alƙaluma 13, ukun farko na kamfanin ne: Saudia 065, Ethiopian 071, EgyptAir 077, Qatar 157. Takardar gwaggona babu wannan lambar ko ɗaya, ban kuma san in nema ba.

Ko da lambar 13 ɗin ma kada hankali ya kwanta. Wasunsu da katin sata suke biya. Tikiti ya fito lafiya lau, mai katin ya farga ya kai ƙara bankinsa, kamfani ya soke. Wani sai ya je Jidda ya gama ibada sannan ya tarar tikitin dawowa babu, wani kuma a kantar filin jirgi a ce ya nuna katin da aka biya da shi, don akwai kamfanonin da ke neman haka.

Yanzu da wasu bankuna suka sake buɗe katin Naira don sayayya a waje tun Yulin 2025, ɓarayin sun sauya salo. Sai su turo maka adireshin shafi mai kama da na kamfanin jirgi sak, su ce ka biya da kanka. Ka sa lambar kati, da alƙaluma ukun bayansa, da lambar sirri da banki ya turo, kafin ka ankara sun yashe asusun. Idan da katinka za ka saya, rubuta adireshin kamfanin da hannunka ko ka shiga manhajarsu, kada ka taɓa wanda aka turo maka. Idan ta hannun wani ne, ya kasance mai ofis da za ka iya zuwa ka zauna, mai lasisin hukumar alhazai ta NAHCON idan Umara ce, kuma kuɗi ya shiga asusun kamfani, ba na wani mutum ba. Ka ɗauki lambar 13 ɗin ka kira ofishin kamfanin jirgin su tabbatar maka an biya.

Mun kai ƙara ofishin EFCC na Sakkwato da takardun tura kuɗin da duk saƙonninsa. Wanda mutumin nan ya taɓa, don Allah kada kunya ta hana shi, ya adana rasit ɗinsa ya je ya shigar da nasa. Gwaggona ta sake shiga adashi a watan jiya.