Man gyaɗa, manja ko man shanu: wanne zuciya ta fi so?

Uwargida, kafin ki aiki yaro kasuwar Muda Lawal ko Wunti da galan, ki san cewa ita kanta zuciya maiƙo take ci. Tana bugawa kusan sau 100,000 a rana, kuma in mutum na hutawa, fiye da rabin ƙarfinta daga ƙona maiƙo yake fitowa, saura daga sukari da danginsa. Sai dai wajen samar da ƙarfi daidai gwargwado, maiƙo ya fi sukari cin iskar oksijin, da kimanin kashi 10 cikin 100. Lafiyayyiyar zuciya ko a jikinta. Amma wadda jijiyoyinta suka ƙuntace, jini ba ya isarta yadda ya kamata, wannan ɗan ƙarin nauyi ne babba. Kuma cikin masu ƙuntata jijiyoyin har da irin man da muke zubawa a tukunya shekara da shekaru.

Sanyin Bauchi ma kan tona asirin mai. Ki duba wanda ya fi saurin daskarewa a hunturu, yawanci shi ya fi yawan kitsen da ke ɗaga kolestarol, wato maiƙon cikin jini da kan taru ya ƙuntata jijiyoyi. Man shanu ke kan gaba, wajen kashi biyu cikin uku na maiƙonsa irin wannan ne. Na san daɗinsa a kan tuwo da miyar kuka, ba zan ce a rabu da shi ba, amma ɗan cokali ya isa. Manja kusan rabinsa ne, ko da yake janshi na ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. A bar shi ga miya, a daina bilicin ɗinsa har ya yi hayaƙi.

Ni dai man gyaɗa nake zaɓa na yau da kullum. Mai daskarewar da ke cikinsa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba, yana jure wuta, ga shi namu ne. Ki saya wurin mai ƙuli-ƙulin da kika yarda da ita, ki shinshina, in kin ji warin daɗewa ki ajiye mata abinta. Man riɗi da na waken soya su ma suna layinsa.

Na duro da ake aunawa a kwalba ba suna ba lambar NAFDAC, sauƙin kuɗinsa kada ya ja ki. Haka man da aka soya ƙosai da shi har ya yi baƙi. In kuma maigida na da hawan jini ko ciwon suga, ko yana haki in ya ɗan yi tafiya, canza mai kaɗai bai wadatar ba, a kai shi likita ya duba zuciyar.