Sharhi kan gyaran injin kwale-kwale mai mutuwa a ralanti

Mai aiki da ƙaramin injin kwale-kwale a ƙasar Damagaram ya san cewa samun injin ya fi samun mai gyaransa sauƙi, domin garin cike yake da makanikan babur da na injin ban-ruwa, amma ƙalilan ne suka taɓa buɗe wanda ake ɗaurawa a bayan jirgi. Nawa mai ƙarfin doki 15 ne, mai silinda biyu, irin wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Na saye shi a hannun wani masunci da ya baro tsibiran Tafkin Chadi a 2015, lokacin da hukuma ta kwashe mutane saboda rashin tsaro, kuma muna su da shi a tafkin Gidimuni, kimanin kilomita 70 gabas da Zinder a kan hanyar Gure.

Bayan da ruwa ya ja baya a lokacin zafi muka ajiye shi, sai ya dawo aiki da wata cuta. Idan an murɗa masa wuta yana gudu lafiya lau, amma da zarar an sassauta, ko an jefa shi a giya, sai ya yi tari ya mutu. Wanda bai san sana’ar su ba zai ɗauka abin ƙarami ne, alhali kusan duk aikinmu a hankali ake yin sa: zuba raga, ratsa kachalla, matsowa gaɓa da kaya. Injin da ya mutu a tsakiyar zuba raga yakan bar jirgi a hannun iska, ita kuwa ta tura shi kan ragar, farfela ta naɗe ta.

Shawarar da aka fara ba ni ita ce a ɗaure sukurun ralanti, wato mai saita gudun injin idan ba a ba shi wuta ba, har injin ya daina mutuwa. Ban yarda da ita ba, kuma ina roƙon kowa ya guje ta, saboda tana rufe ciwon ne kawai, sannan duk shigar giya da injin yana gudu sama da ƙima cin haƙoran giyar take yi, gyaran da ya ninka na farko tsada.

Wanda ya yi mini aikin wani dattijon makanike ne da ke da rumfa kusa da kasuwar Dole, wanda ya yi zaman bakin tafki a yankin Diffa. Abin da ya fara burge ni shi ne bai ja igiyar tayar da injin ba sai da ya sa yaransa suka cika duro da ruwa suka rataya injin a ciki, ruwan ya rufe ramukan shan ruwa, domin robar famfon sanyaya injin tana ƙonewa cikin ɗan lokaci idan ta juya a bushe. Daga nan ya bi hanyar mai tun daga tanki. Ya duba ƙaramin sukurun iska na murfi, ya matsa robar tura mai ya ji ko tana tauri, ya bi tiyo da yatsa yana neman tsaga inda iska ke shiga, ya cire matatar mai ya busa. Buji biyun, masu ba da tartsatsin kunna mai, ya same su baƙi da jiƙa, ya sauya su, amma ya faɗa mini tun kafin ya tayar cewa wannan alama ce, ba ita ce cutar ba. Haka kuwa aka yi, injin ya sake mutuwa.

Sai ya kwance sukurun ƙasan karbireta ya tari man a murfin kwalba ya miƙo mini. A ƙarƙashin fetur ɗin ga ɗigon ruwa kwance, yana yawo kamar ƙwayar dutsen ado, ga kuma jan ƙasa a gefe. Da ya buɗe kwanon karbiretar, cikinsa duk wani ɗanko ne ruwan zuma, wanda tsohon mai ke bari idan ya bushe, abin da zafin Afrilu da Mayu mai haura digiri 40 ke gaggauta shi. Ya zaro jiklar ralanti, wato ƴar aba mai siririn rami da mai ke bi ta ciki, ya ɗaga ta saitin rana, ko ɗigon haske bai ratsa ba.

Na ce, “Baba, wannan ƴar abar ce ta hana mu aiki?”

Ya ce, “Ita ce, Malam. Babbar jiklar tana da faɗi, datti yana wucewa, shi ya sa yake gudu idan ka ba shi wuta. Idan ka sassauta, wannan kaɗai ke ciyar da shi.”

Bai zura mata waya ba, domin tagulla ce, ƙarfe yana faɗaɗa ramin ya ɓata ma’aunin man har abada. Ya jiƙa ta a maganin wanke karbireta, ya bi kowace kafa da iskar kwamfuresa. Kafin ya cire sukurun gaurayar mai da iska, sai da ya ɗaure shi a hankali yana ƙirga juyi, don ya mayar da shi inda ya same shi. Saitin ƙarshe ya yi shi ne da injin ya ɗumama, ƙafar injin tana cikin ruwa, a giya, saboda ruwa yana danne hayaƙi, injin da aka saita a waje yakan mutu idan ya shiga tafki. Ya kuma auna ƙarfin matsin silinda biyun, ya ce tazararsu ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba, don haka babu dalilin buɗe injin.

Akwai abin da bai yi mini daɗi ba. Ba shi da kayan canji a rumfarsa, sai da aka aika Kano neman gasket, wato abin hana yoyo, da robar famfon mai, jiran ya ci mana lokacin da tarwaɗa ke kamuwa. Kuma mutum ne mai ƙarancin magana, idan ba ka tambaya ba ba zai bayyana maka komai ba. Amma kuɗin aikin da na kayan duka bai kai rabin na sabuwar karbireta ba, wadda wani ya so in saya.

Tun da injin ya koma Gidimuni yana riƙe ralanti, yana shiga giya ba tare da ƙara ba. Dattijon ya gindaya mini sharuɗɗa, ina kuma bin su. Mai daga gidan mai za a saya, ba na kwalba a bakin titi ba, tun da matatar man fetur ta SORAZ da ke hanyar Tanut tana aiki tun 2011 kuma mai tsabta ba wuyar samu yake ba. Gaurayar ita ce kashi 1 na baƙin man da aka yi wa irin wannan inji cikin kashi 50 na fetur, wato mililita 20 a kowace lita, ba kimantawa da ido ba, don yawansa ne ke baƙanta buji. Idan za a ajiye shi, a cire tiyo a bar shi ya shanye man karbireta, a kuma lulluɓe kansa a lokacin hunturu, saboda irin waɗannan injuna ba su da matatar iska, ƙurar da ta shiga kai tsaye karbireta take sauka.