Hattara da masu sayar da tsohuwar furosesar saba da sunan Core i9 a Ikeja

Assalamu alaikum jama'ar Agege, Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago da sauran 'yan'uwa mazauna Legas. Duk mai shirin sayen kwamfutar tebur, ko mai ɗa ko ƙani da ke tara kuɗi don ya saya, ya daure ya karanta wannan. Magana ce a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, irin ta saba, babbar kwamfutar da kamfanoni ke amfani da ita. Abin ya faru ne da ɗan yayata, kuma sai da na nemi izininsa kafin in rubuta.

Yaron nan aikinsa haɗa bidiyon biki. Ana ɗaurin aure ko walima a Agege zai ɗauka, ya koma ɗaki ya yanka ya jera ya kai wa masu biki. Ƙaramar kwamfutarsa ta hannu ta gaji, sai ya shiga tari. Wajen shekara guda yana adashe har kuɗi suka kai naira 450,000. Ana haka ya ga talla a WhatsApp: farin akwati mai gilashi a gefe, fankoki uku suna canza launi kamar fitilun gidan biki, an rubuta Core i9, ƙwaya 8 (sassan da ke yin aiki a cikin furosesa), ram 32 (ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai). Ya kira lambar, aka amsa masa da Hausa tsantsa. Nan hankalinsa ya kwanta. Mutumin ya ce masa: "Haba ƙanina, ai kai na gida ne. Da wani ne ba zan sallama a haka ba." Suka haɗu a ƙarƙashin gadar Ikeja, ya ja shi cikin Computer Village, suka hau wani bene, aka kunna masa kwamfuta. Mutumin da kansa ya buɗe shafin da Windows ke nuna bayanin na'ura, ga shi ɓaro-ɓaro: Intel Core i9-9900K. Ya buɗe Task Manager, shafin Windows mai nuna aikin na'ura, ya ƙirga masa ƙwaya takwas, zare goma sha shida, wato layukan aikin da ƙwayoyin ke ɗauka a lokaci guda. Yaro ya tura kuɗi, ya ɗauko kaya a keke.

Kwana biyu yana murna. A rana ta uku ya zo shagona da akwatin a ka, ya ce: "Kawu, sabon Premiere Pro ɗin da zan riƙa yanka bidiyo da shi ya ƙi hawa, wai furosesar ba ta da wani abu AVX2."

Ina jin haka na san an yi mana sakiyar da ba ruwa. Babu yadda za a yi i9-9900K ta rasa AVX2, wani tsarin umarnin lissafi da wasu sabbin manhajoji ke buƙata, domin tun 2013 Intel ta fara sa shi a furosesocinta, ita kuwa 9900K fitowar 2018 ce. Na zaro filashina na buɗe CPU-Z, wata 'yar manhaja ta kyauta da ke tambayar furosesa kai tsaye ba ta bi ta bakin Windows ba. Amsa ta fito: Xeon E5-2670, gurbi, wato mazaunin furosesar, LGA 2011. Furosesar saba ce ta shekarar 2012. Na kwance gilashin, na cire fankar, na goge busasshen man da ke kai da tsumma, ga rubutun nan a jikin ƙarfen, E5-2670, gefensa duk ya goge saboda daɗewa a aiki. Yaron ya tsuguna yana kallo, bai ce uffan ba.

Abin da ya sa dabarar take ci shi ne an zaɓi tagwayen da suka yi kama a fuska. Ita E5-2670 ƙwayarta takwas, zarenta sha shida, haka ma i9-9900K. Wanda ya tsaya ga ƙirga ƙwaya ba zai taɓa gane bambanci ba. Sunan da Windows ke nunawa kuma rubutu ne kawai da ke ajiye a rajistarta, ko yaron shago zai iya canza shi cikin minti biyu. Da an kashe an kunna sunan gaskiya yake dawowa, shi ya sa suke dasa wani ɗan umarni da ke sake rubuta ƙaryar duk lokacin da kwamfutar ta tashi. Na same shi a cikin ayyukan da Windows ke gudanarwa da kanta, na goge, muka sake kunnawa, i9 ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba. Abin takaicin, shaidar tana gaban yaron tun a shagon. A wannan Task Manager ɗin da aka nuna masa, daga ƙasa kaɗan, an rubuta asalin gudun furosesar 2.60 GHz. Na 9900K 3.6 ne, tana kuma hawa har 5.0, ita kuwa wannan tsohuwar iyakarta 3.3. Mai sayarwa ya ɗora yatsa a kan ƙwaya takwas, idon yaro ya bi yatsa.

Kada wani ya fahimce ni a karkace, ba cewa nake Xeon banza ce ba. A zamaninta E5-2670 babbar furosesa ce mai tsada, manyan kamfanoni ne ke sayenta bibbiyu su sa a saba ɗaya. An ƙera ta ne don ta kwana ta wuni tana aiki shekara da shekaru, tana amsa buƙatun mutane da yawa a lokaci guda, a ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa. Kamar tirelar da ke sauke tumatir a Mile 12 take: ba a haɗa ta da kowa wajen ɗaukar kaya, amma ba da ita ake kai mai naƙuda asibiti a cunkoson Oshodi ba. Furosesar tebur irin Core ko Ryzen an yi ta ne don mutum ɗaya da ke zaune yana danna abu yana son ya buɗe nan take. Yawancin abin da muke yi kullum, buɗe intanet, CorelDRAW, Photoshop, jan bidiyo gaba da baya ana yankawa, wasanni, duk sun fi dogara ga saurin ƙwaya ɗaya ko biyu a kan yawansu. Masu tallar nan suna son su ce maka sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A nan kam sai an duba shekarun mayaƙan. Core i3-12100 ta 2022, mai ƙwaya huɗu kacal, ƙwayarta ɗaya ta yi wa ta wannan Xeon fintinkau, kuma wutar da aka ƙiyasta mata wat 60 ce, ita kuwa E5-2670 wat 115.

Maganar wuta ba ƙarama ba ce a garin nan. Wanda ke layin Band A ya san tun Afrilun 2024 yunit ɗaya ya haura naira 200, wanda ke kan janareta kuma ya san kuɗin lita. Ga zafin Legas da ƙura da laima. Furosesar da aka yi don ɗaki mai na'urar sanyaya, an cusa ta a akwati mai araha da fankar ado, a ɗaki ɗaya a Agege cikin watan Maris.

To daga ina suke samun ta da arha haka? Manyan cibiyoyin ajiyar bayanai a Amurka da Turai da Sin suna sauya sabobinsu bayan 'yan shekaru, sai a wargaza tsofaffin a zubar da furosesocin a kasuwa tuli-tuli. Ƙananan masana'antu a Sin suna ƙera musu bod, wato allon da ake dasa furosesa a kai, masu arha da ake kira X79 da X99, da yawansu ma da tsofaffin sassan da aka ciro daga wasu bod ake haɗa su. Ana sayar da bod da furosesa da ram a ƙunshi ɗaya a intanet, da sunansu na gaskiya, kuma wannan ciniki ne halal. Akwai masu saye da saninsu suna morewa. Haramcin yana farawa ne daga lokacin da aka sa ƙunshin a sabon akwati mai walƙiya aka liƙa masa sunan da ba nasa ba. Wasu ma ba sa wahalar taɓa rajista, sai su rubuta a talla wai "daidai da i9" ko "ajin i7", kalmar da ba ta da wata ma'ana a wajen Intel, amma tana ba su hanyar zillewa in ka dawo da ƙorafi.

Asarar ba a furosesa kaɗai ta tsaya ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ram 32 ɗin nan gaskiya ne, 32 ne cif, amma DDR3 ne na saba, irin wanda ake kira ECC mai rajista. Ba ya tashi a bod ɗin tebur na yau da kullum, don haka ba za ka ce bari in cire in sa a wata kwamfuta ba, kuma mai saye a hannunka sai ya taya maka kuɗin goro. Da 9900K ce ta gaske, DDR4 za a gani. Xeon E5 kuma ba ta da sashen hoto a cikinta, ranar da katin hoto ya mutu allo ya yi baƙi ke nan, babu inda za ka soka waya ka lallaɓa. Ga mai aikin bidiyo akwai ƙarin rashi, domin a cikin wannan sashen hoton ne Intel ta sa Quick Sync, wanda ke sauƙaƙa buɗewa da fitar da bidiyo. Sannan Windows 11 ba ta sa waɗannan tsofaffin Xeon a jerin waɗanda ta yarda da su ba, a ɓangaren Core daga zubi na 8 ta fara, ga kuma sharaɗin wani ɗan sashen tsaro mai suna TPM 2.0. Windows 10 ɗin da ke kai kuwa Microsoft ta rufe tallafinta na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025. Akwatin fawa, mai raba wa sassa wuta, da ke ciki ban ma son tuna shi. Na ɗaga shi da yatsa biyu, ba nauyi ko kaɗan, an manna masa takardar wat 650.

Washegari muka koma Ikeja tare. Mai shagon da aka yi cinikin a ciki ya karɓe mu da mutunci, ya ce mutumin ba yaronsa ba ne, yakan zo ne ya roƙi soket ya gwada wa mai saye kaya, ya ba yaran shago na ruwa ya tafi. Ko gaskiya ya faɗa ko da bakinsa a ciki, Allah masani. Na ce yaro ya kawo rasit. Takarda ce irin wadda ake sayar da littafinta a bakin titi, babu sunan shago, babu adireshi, an rubuta "CPU 1". Kun san a kasuwar nan akwatin gaba ɗaya ake kira CPU, saboda haka a takarda babu inda aka yi masa alkawarin i9. Kuɗin kuma asusun wani mai POS aka sa ya tura, sunan daban. Lambar waya a kashe. Hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, da ta jihar Legas, LASCOPA, suna karɓar irin wannan ƙorafi, kasuwar ma tana da ƙungiyar 'yan kasuwarta, amma ko'ina ka je tambayar farko ita ce wa ya sayar maka, ina shagonsa. Mu kuwa hoton talla kawai muke da shi da lambar da ba ta shiga.

Don haka in za ka saya, je da filashinka da CPU-Z a ciki, kada ka yarda da wadda ka tarar a kan kwamfutar. Ka duba suna da gurbi da nau'in ram. In ka ga LGA 2011 ko 2011-3 alhali an ce maka i9 ce ko wata sabuwar Core, ka ɗauki filashinka ka yi sallama. Ka sa a kashe a kunna a gabanka, a shiga BIOS, shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ta hau, ka karanta sunan a can. Ka juya bayan akwatin ka leƙa ta gilashi: sabon akwati da bod marar sunan kamfani abin tambaya ne. Lambar furosesar gaba ɗayanta za ka rubuta a Google a wayarka, shafin Intel zai ba ka shekarar fitowarta. Wanda ya ce maka sauri yake, wani Alhaji na hanya zai zo ya ɗauka, ka bar wa Alhajin. A rasit kuma a rubuta cikakkiyar lambar furosesa da ta katin hoto da girman ram da kwanakin garanti, da hatimin shago, kuma sunan asusun da za ka tura wa ya dace da na shagon. Katin hoton ma a gwada shi da GPU-Z, 'yar'uwar CPU-Z ta ɓangaren katin hoto, don akwai tsofaffin katuna da ake sauya wa suna ta irin wannan hanya.

Wanda kuma da gaske aikinsa ke son ƙwaya da yawa da ram mai yawa, kamar mai koyon harkar saba ko mai kunna kwamfutoci da dama a cikin guda, ya nemi tokumbo na asali irin HP Z440 ko Dell Precision T5810. Xeon ce a cikinsu, an rubuta a jiki ba a ɓoye ba, bod da fawa da fanka duk kamfani ɗaya ya haɗa su don juna, kuma zubin v3 da v4 da ke cikinsu suna da AVX2. Ni kaina irinta nake amfani da ita a shago. Amma mai haɗa bidiyon biki ko mai shagon buga takardu, Core i5-12400 ko Ryzen 5 5600G za ta fi yi masa daɗi, ga sauƙin wuta, ga sashen hoto a ciki.

Ɗan yayata dai yanzu tsohon zubin Premiere muka sa masa, na canza masa fawa da fanka daga aljihuna, yana lallaɓawa da ita. Uwarsa har yau ba ta san takamaiman abin da ya faru ba, ta dai ga ya sake shiga adashe.

Shekaranjiya wani maƙwabcina ya miƙo mini wayarsa yana neman shawara. Farin akwatin nan ne mai gilashi, fankoki uku, har labulen da ke bayan hoton bai canza ba. Lambar waya ce sabuwa, kuma yanzu an rubuta ƙwaya 14. A iya sanina, Xeon E5-2680 v4 ta 2016 ƙwayarta 14 ce cif.